Yadda Aka Yi Wa Ampilin Hilaire Kwalliya

Bayan Hilaire ne ya fara ajiye aiki, bai kuma nemi shawarar mai shi ba. Wata safiya a farkon Oktoba ya sunkuya bakin rijiyar lambunsa zai jawo guga, sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya tsaya nan a duƙe kamar mai neman allura cikin rairayi, har sai da Sadiƙu, maƙwabcinsa na lambu, ya tsallako darni ya miƙar da shi a hankali.

Shekara ashirin da biyu Hilaire yana noman dankalin Turawa a gefen Dogon Dutsi, da guga da igiya da hannu biyu. Maƙwabta duk sun koma injin rana: a kafa faifan sola kan ƙarfe, a zura famfo cikin rijiya, ruwa ya hau da kansa. Shi kaɗai ya rage yana ja, yana gaya wa mutane wai motsa jiki ne. Likita ya duba shi ya ce ya daina ɗaukar abu mai nauyi, shawara mai kyau ga duk wanda yake da wata sana'a.

"Ka ba ni lambun ga in noma, in riƙa kawo maka rabonka," in ji Sadiƙu. "Ka huta, Iler. Ka yi naka."

Da mugun mutum ne ya faɗi haka, da Hilaire ya samu wanda zai zaga ya ji sanyi. Amma Sadiƙu mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai Hilaire bai shirya zama tsohon da ake kawo wa rabo a ƙofar gida ba. Inji da faifansa da tiyo jika ɗari bakwai ne, iri kuwa tsakiyar Nuwamba yake shiga ƙasa. In inji bai samu kafin nan ba, lambu ya tafi.

Yana cikin wannan jinya, kwance kan tabarma da tsumma ɗaure a ƙugu, wata Talata da hantsi aka yi sallama. Baƙo ne mai kimanin shekara arba'in, da tabarau, da jakar gita a baya. Ya ce sunansa Luƙman, yana da sitidiyo a Yamai inda mawaƙa ke ɗaukar waƙa, kuma wani tsohon makaɗin ganga da yanzu yake tuƙin taksi a can ne ya gaya masa akwai wani ampili a Dutsi, wajen wani Hilaire.

"Ampili?" Hilaire ya ce. "Akwai gawarshi dai."

Wani Monper ne, limamin coci Bature, ya zo da shi mishan tun Hilaire yana rarrafe, akwatin ƙara sautin gita irin na dā, mai lampu, wato ƴan kwalaben gilashi da ke yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi. Da Monper zai koma ƙasarsu bai iya ɗaukarsa ba, sai ya bar wa saurayin da ke kaɗa wa mawaƙan coci gita, wato Hilaire. Lahadi da safe ampili yana yabon Ubangiji, Asabar da yamma yana bin biki daga Dutsi zuwa Guéchémé zuwa Tibiri a bayan amalanke, tare da wata ƙungiya mai mutum biyar da dogon sunan Faransanci da ba wanda ya taɓa riƙewa. Hilaire yana da gashi a lokacin, har ma yana taje shi. Daga baya masu kaset suka zo, mutum ɗaya yana yin aikin biyar bai kuma cin tuwon biyar, ƙungiya ta watse. Gita ta tafi shekarar da aka haifi Estelle, ƴarsa ta biyu. Ampili ya tsaya, don ba wanda ya taya.

A ɗakin shirgi suka same shi, ƙarƙashin buhun wake da tsohon sangen sauro. Zanzaro ya yi gida biyu a kusurwarsa. Kaji sun bar sa hannunsu a samansa. Fatar jikinsa ta koɗe ta tsage, ƙyallen fuskarsa ya zama launin ƙasa. Marta, matar Hilaire, ta tsaya bakin ƙofa tana duban ƙasa kamar an buɗe mata kwandon wanki a tsakiyar kasuwa.

Luƙman kuwa ya durƙusa. Ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa baya, ya ƙirga lampu, ya karanta wasu lambobi a jikin ƙarfe yana motsa leɓe, ya ɗauki hoto ya fi ashirin. Har shinshina shi ya yi.

"Tonton, an taɓa buɗe shi?"

"Sai dai ɓera."

"Ba a canza komi ba? Lasifika, taransifo, ko waya ɗaya?"

"Da mi za a canza? Lokacin da shika aiki ba mu da kuɗi, lokacin da munka samu kuɗi ba mu kiɗi. Ƙarya ni kai, ba mu samu ba."

Suka jira kuran, wato wutar lantarki, ya dawo wajen azahar, aka jona shi. Da farko ba abin da ya faru. Sannan lampu suka fara ja ɗaya bayan ɗaya, warin tsohuwar ƙura mai zafi ya cika ɗaki, akwatin ya soma wani gunji ƙasa-ƙasa kamar sa a turke. Luƙman ya ciro gitarsa ya jona, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya rufe ido. Sannan ya miƙa wa Hilaire.

"A'a, ɗana. Yatsun ga igiya sunka sani."

"Ko kaɗan, Tonton."

Ya karɓa. Yatsun sun yi kauri, suna danna tsirkiya biyu inda ake son ɗaya. Ya lalubo wata waƙar shiga coci da suke yi tun yana saurayi, ya yi kuskure, ya sake, ya same ta. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, irin muryar babban mutum da ba ya bukatar ɗaga murya kafin a yi shiru. Marta ta daina duban ƙasa. Bai kai minti biyu ba ƙugunsa ya tuna masa shekarunsa, ya mayar da gita.

"Zan saya," in ji Luƙman.

A Dutsi ba a sayar da abin da ya fi kaza girma ba dillali, don haka Hilaire ya aika a kirawo Tukur. Tukur dillalin dabbobi ne, Bafillace, abokin wasan Hilaire, wanda shi Ba'are ne, tun suna yara, bai kuma taɓa ganin ampili a kusa ba, abin da bai hana shi shigowa da sandarsa a kafaɗa kamar wanda aka haifa cikin sana'ar ba.

"Ba'are, mi za ka saida? In kanka na, ba shi ciniki."

"Shiga ka yi aikinka, Bafillace, kuma kajina a ƙirge suke."

Tukur ya zagaya akwatin sau biyu. Ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya gyaɗa kai, don a wurinsa abu mai nauyi bai taɓa zama banza ba. Ya leƙa baya yadda ake buɗe bakin rago a duba haƙora. A ransa ya yanka masa jika goma sha biyar, ya shirya faɗa har ashirin. Ya juya ga baƙo.

"Taya."

"Jika ɗari shida."

Hilaire ya dubi Tukur, Tukur ya dubi rufin ɗaki. Amma bakin dillali ko barci yake ya san aikinsa.

"Albarka," in ji Tukur, da muryar da ba tasa ba.

Aka hau. Ɗari shida da hamsin, albarka. Ɗari bakwai, albarka, wannan karon har da dariyar raini, don Tukur ya fara yarda da kansa. A ɗari takwas Hilaire ya taka masa ƙafa ya ce, "Na sallama," da sauri, kafin Bafillace ya kashe masa inji.

Luƙman yana kan hanyar Damagaram ne, inda zai yi aikin sauti na sati uku, kuma ya ce ba zai sa irin wannan kaya a gindin bas tare da buhunan albasa ba. A dawowa zai zo da mota da kuɗi. Aka yi musafaha gaban dillali. Marta ta kawo kaza da ta yanka tun shigowarsa, ya ce ai da ba a wahala ba, ya ci. A bakin ƙofa ya riƙe hannun Hilaire da hannu biyu.

"Tonton, don Allah kada a taɓa shi. Ko ƙura kada a share. Duk darajarshi ita ce komi nashi d'origine ne, yadda aka ƙera shi. Haka nake son shi."

Hilaire ya gyaɗa kai yadda ake gyaɗa wa wa'azi.

Mota ba ta gama fita daga tasha ba Marta ta ɗora ruwa a wuta.

"Ya ce kada a taɓa," in ji Hilaire.

"Yaro mai kunya. Wane baƙo ne bai cewa kada a wahala? Baban Estelle, mutum zai ba ka jika ɗari takwas, ka miƙa mashi kashin kaji? Ya kai Yamai a ce daga gidan wa wanga ya fito? Ni ba da ni ba."

Tukur, da yake ƙarasa wuyan kazar, ya goyi bayanta da hujjar sana'a. "Ni na san masu saye. Wanda duk ya ce maka kada ka gyara, ragi shika nema ranar biya. Zai dawo ya ce ga tsaga nan, ga gunji nan, a rage mashi ɗari biyu. Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ganin an kai rago da kaska a kunne an ce shi ya ƙara mashi kuɗi ba. Ana wanke shi, a goge ƙaho da mai, a ba shi dussa. Kai Ba'are ko ɗiyarka za ka kai ɗaki, haka za ka kai ta?"

Hilaire ya so ya yi gardama. Amma ya tuna fuskar Marta a bakin ɗakin shirgi, ya tuna kuma gunjin nan, wanda ko a zamaninsu sai sun buga akwatin da tafin hannu yake lafawa. In mutumin ya kwana ya tashi ya yi tunani fa? Tazarar da ke tsakanin ɗari takwas da kuɗin inji ba ta da faɗi. Ragin ɗari biyu zai mayar da shi bakin rijiya. Kuma, in za a faɗi gaskiya, akwai wani abu a ransa da bai gaya wa kowa ba: wannan akwati shi ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa zama wani abu ban da mai dankali, bai so shaidarsa ta shiga Yamai da gidan zanzaro a ka.

"A share shi dai," ya ce. "Sama-sama."

Ba a yin sama-sama a gidan Marta. Ta kankare shi da sabulu da soso har fatar da ta rage ta biyo ruwa. Da fata ta tafi sai katako ya fito tsirara, ba a kuma barin abu tsirara, aka kai shi wajen mai ɗinkin kujerar babur, wanda ya lulluɓe shi da jar leda mai sheƙi ya jera masa ƙusoshi masu kan zinariya. Ƙyallen fuska ya yage a wanki, Marta ta sadaukar da ragowar leshin da ta ɗinka na Ista. Farantin sunan da ke goshinsa ta goge da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, rubutun ma ya tafi tare da dattin.

Saura gunji. Hilaire ya sayar da akuya ɗaya, ya ɗora akwatin kan kabu-kabu zuwa shagon Jibrilla mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kwalta.

"Gunjin kawai za ka cire mashi. Kada ka yi komi bayan wannan."

"Ka bar mini, Tonton. Kwana huɗu."

Ranar da ya koma ya tarar da mutane tsaye a ƙofar shagon. Kiɗa ne ke tashi, mai ƙarfi har kwanon rufi na rawa. Akwatin yana kan tebur, ja jawur, da wasu ƙananan fitilu shuɗi da kore suna zagaya bakinsa suna bin kiɗan.

"Tonton!" Jibrilla ya taso yana share hannu. "Gunjin daga cikin kayan yake, duk sun tsufa, ba a ma samun irinsu ko a Ƙonni. Sai na yi maka shi moderne gaba ɗaya. Sabon kati, sabuwar lasifika. Yanzu yana kama bulutut, yana cin kilé mai ɗauke da waƙoƙi, yana kama rediyo. Ba jiran ya yi zafi, kana dannawa ya tashi. Kuma ba ya cin kuran."

"Kai, Iler, ka more," in ji wani mai kabu-kabu. "Wanga ko biki sai ya riƙe."

Hilaire ya saurara. Sautin tas yake, ba gunji, ba tari, mai kaifi kamar gefen kwano. Ya kama hannun akwatin ya shirya ƙugunsa, ya ja numfashi, ya ɗaga. Abin ya taso masa kamar ƙwaryar da ba komi ciki. Akwatin da dā sai mutum biyu suke ɗora shi kan amalanke, ga shi yana lilo a hannu ɗaya na mai ciwon baya.

A nan ya sani. Ya kamata ya ajiye ya tambayi Jibrilla ina kayan da ya cire, ya ce a mayar yanzu-yanzu. Amma mutane goma suna kallonsa suna taya shi murna, Jibrilla yana murmushi yana jiran godiya, kuma akwai tambayoyin da namiji mai shekara hamsin da bakwai ya koyi kada ya yi, a asibiti ko a shago, don ya riga ya hango amsar. Ya ce an gode. Ya biya.

Sati biyu akwatin yana tsakar ɗaki kan tebur da mayafi a kansa. Maƙwabta suna shigowa gani. Marta ta koyi haɗa shi da wayarta, tana jin waƙoƙin zumuntar mata tana tsinke zogale. Tukur ya zo ya zagaya shi ya ce da ya sani da bai bari an sallama a ɗari takwas ba. Hilaire yana fita lambu da safe, ya zauna bakin rijiya, ya dubi fangalan da ba a tayar ba. Sau biyu ya je shagon masu injin rana ya tambayi kuɗi, ko da yake ya san kuɗin, don dai ya ji ana yi masa magana kamar mai saye. Wani lokaci ya kan ce wa kansa ai mutanen Yamai suna son sabon abu. Ƙugunsa ne kawai bai taɓa yarda da wannan magana ba.

Luƙman ya dawo ranar Alhamis da la'asar, da ƙaramar mota da ya shimfiɗa wa bargo a kujerar baya. Aka gaisa, aka sha ruwa. Tukur ya sa babbar riga. Marta ta janye mayafin da kanta, ta danna, fitilu suka fara zagaye.

Luƙman ya duba. Ya duba bayan tebur, ya duba ƙofar ɗakin shirgi.

"Ina ampilin?"

"Ga shi gabanka," in ji Tukur. "Kuma ko dala ba mu ƙara maka ba. Magana ɗaya muke."

Mutumin ya cire tabarau. Ya zagaya baya ya leƙa, bai ma kunna fitilar waya ba, don ba abin da za a haska sai wani ɗan koren kati kamar tafin hannu da wayoyi huɗu. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna kan turmi.

"Na ce kada a taɓa shi."

"Ka kuma ce kada a dafa komi," in ji Marta, "ga shi wancan zuwa cinya biyu ka ci."

"Tanti, wannan daban." Ya dafe kai. "C'est pas vrai. Irin wannan akwatin, jika ashirin ne a kasuwar Yamai, har da makirfo kyauta. Abin da na saya shi ne abin da ke ciki. Tsufan nan shi na saya. Gunjin ma da kunka cire, aikin awa ɗaya ne, ƴan abubuwa uku ake canzawa."

Tukur ya buɗe baki, ya ga ba wurin sa albarka, ya rufe.

"Kayan cikin suna ina?" in ji Luƙman.

Su uku suka shiga motar zuwa shagon Jibrilla, Hilaire a baya kan bargon. Jibrilla ya saurari bayani yana ƙifta ido, kamar an ce masa tsohuwar taya ta fi sabuwa tsada. Ya shiga lalube. Lampu suna cikin gwangwanin madara tare da matattun batura, biyar lafiya, biyu sun fashe. Farantin ƙarfen da komi ke zaune a kai yana ƙarƙashin ƙafar tebur, yana hana shi rawa. Lasifika kuwa ya yage takardar ya zubar, ya riƙe maganaɗisun, ga shi can a bango da sukurori manne a jikinsa.

"Taransifo fa? Guda biyu ne, masu nauyi."

"Ah, waɗannan. Ƴan gwangwan sun saye tun ranar da na cire su. Jan ƙarfe ne ciki, da kilo suke biya. Sun fasa su nan gabana."

Luƙman ya ɗauki lampu ɗaya-ɗaya yana ɗaga su ga hasken ƙofa. Ya zaro farantin daga ƙarƙashin tebur ya hure shi. Jibrilla ya fara cewa a sana'arsu abin da aka cire na mai gyara ne, Tukur ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa, maganar ta mutu nan.

"Zan ɗauki waɗannan," in ji Luƙman. "Jika saba'in."

"Albarka," in ji Tukur.

"Baba, ba ciniki nake ba. Ta'aziyya ce."

"Na sallama," Hilaire ya ce. Ya gaji da tsayuwa.

Tukur ya ƙi karɓar la'ada. Ya ce shi dillalin dabbobi ne, kuma tun farko ya ga abin ba shi da wutsiya, laifin Ba'are ne da ya kira shi. Hilaire ya ce ai ya san Bafillace bai taɓa yin laifi ba tun da aka halicci saniya. Ba wanda ya yi dariya sosai, amma dai an yi ƙoƙari.

Luƙman ya naɗe lampu biyar cikin bargon da aka shimfiɗa don akwati guda. Kafin ya shiga mota ya juyo.

"Tonton, kai da ka kaɗa shi shekara da shekaru. Da ka ji sabon sautin, ba ka gane ba?"

"Na gane."

"To me ya sa ba ka kira ni ba? Ranar da ka karɓo, da wataƙila an cim ma masu gwangwan."

"An fasa su tun ranar, ka ji ya faɗa."

"Amma kai ba ka san haka ba."

Hilaire ya dubi kwalta, inda wata babbar mota ke wucewa da raguna a sama. "Ɗana, kunnena ya ji. Bakina ne bai tashi ba. In ka kai shekaruna za ka ga ba kullum suke tashi tare ba."

A gida Marta ta mayar wa akwatin mayafinsa, ba ta kunna shi ba ranar. Da ta kawo tuwo ta ajiye, ta ɗan tsaya.

"Ni dai ban ga yadda za a yi datti ya fi tsabta kuɗi ba," ta ce a hankali.

"Ni ma ban gani ba. Zauna ki ci."

Washegari ya je wajen Sadiƙu. Bai ba shi lambun duka ba, bai kuma hana shi ba. Suka daidaita kan rabi: Sadiƙu ya noma ɓangaren gabas ya zama nasa amfanin, shi kuma ya ja wa Hilaire ruwa daga injinsa zuwa ɓangaren yamma. Kuɗin lampu suka tafi a tiyo mai tsawo da irin dankali na rabin lambu. Hilaire ya taka filin da kansa, Sadiƙu yana biye da turaku, aka ja igiya daga darni zuwa darni. Sadiƙu ya ce in bayan ya warke baɗi sai a cire turakun. Hilaire ya ce in Allah ya so. Dukansu biyu sun san baya ba ya jin irin wannan magana.

Iri ya shiga ƙasa a kan lokaci. Bayan sati uku ganye ya rufe fangalai, kore shar, na yamma da na gabas duk iri ɗaya, don dankali bai san an ja igiya ba. Abin da ba wanda ya gaya wa Hilaire shi ne rabin lambu da tiyo ba ya cin lokaci. Kafin ƙarfe tara ya gama ban ruwa, ya naɗe tiyo, ya wanke ƙafa, rana ko zafi ba ta yi ba. Gida kuwa in ya koma yanzu, sai dai ya zauna ya ji waƙoƙin zumuntar mata.

Wata safiya yana tsaye haka, ya hango ciyawa ta tsiro a gindin wani dankali. Ya dafa gwiwa ya durƙusa a hankali ya cire ta. Ya ga wata gaba kaɗan, ya matsa. Ya bi fangalin yana tsugune, yana cirewa yana tarawa a hannun hagu, sai da ya kai tsakiya ya lura igiyar tana bayansa. Ya ɗaga kai. Sadiƙu ya tafi kasuwa, ba kowa sai faifan sola yana kallon rana. Ya ƙarasa fangalin.